Fasaƙwari a gidan abincin Shinuwa

Mu ƴan Bazaga mun san kayan Shinuwa tun kafin mu taɓa ganin Shinuwa da idonmu. Tocilar da muka yi karatun dare da ita muna firamare tasu ce. Babur ɗin da ke ɗaukar mutum daga ƙauye zuwa Ƙonni nasu ne. Tecno da itel da ke cikin aljihunmu kamfani guda ke yin su, a birnin Shenzhen. Har ganyen shayin da muke dafawa a fada, mu sha na farko mai ɗaci mu jira na uku mai zaƙi, daga ƙasar Sin ake kawo shi, ko da yake mun riƙe shi kamar gadon kakanni.

Wanda ya zo Yamai karatu kuma, sai ya iske abin ya wuce tocila. Babban filin wasa na Seyni Kountché su suka gina shi, aka buɗe a 1989. Gada ta biyu a kan kogin Kwara, ta 2011, aikinsu ce, haka ma ta uku. Matatar mai ta Damagaram tun 2011 take aiki, ga kuma bututun mai na kusan kilomita 2000 da ya taso daga Agadem ya ratsa jiharmu ta Tawa ya nufi gaɓar teku a Benin. Duk wannan mun sani, wasunmu ma sun rubuta shi a takardar jarrabawa. Amma ka tambayi ɗalibi abin da mutanen nan ke ci in sun tashi daga aiki, sai ka ji kare, ka ji maciji, ka ji kwaɗo. Ka tambaye shi ko ya gani, sai ya ce wani ya gaya masa. Shekara da shekaru muna hawan gadar mutum, ba mu taɓa leƙa kwanonsa ba.

A ɗakinmu na jami'a akwai wani ɗan Malbaza da ya leƙa. Wani vakansi ya yi aikin ƙarfi a wurin wani gini da Shinuwa ke yi, kuma da yake yaro ne mai tsabta sai aka mai da shi wajen madafa, yana ɗebo ruwa yana wanke tukwane. A can aka riƙa sam masa abin da ya rage a kasko. Tun daga lokacin ba mu huta ba. Ko me muka ci, dambu ne ko shinkafa da wake, sai ya taɓe baki ya ce mu ba mu san yaji ba. Wannan magana ba ƙarama ba ce a ɗakin da ke da Badamagare, wanda ke yawo da kwalbar yajin da innarsa ta daka masa, kuma yake cewa tun yana goye ake ba shi tonka a kunu. Gardama ta yi wata biyu. Ran da bursi ta fito, ɗan Malbaza ya ce to, yau za a raba ta.

Abu biyu suka tsaya mana, kuma ba na raina ko guda. Na farko kuɗi. Abin da za mu kashe a dare guda zai ciyar da mutum sati a bakin ƙofar jami'a, kuma kowannenmu ya san wanda ke jiran rabonsa na wannan bursi a gida. Ni dai na san akwai kuɗin takin da aka yi mini maganarsa a waya. Na biyu halal. Na biyar ɗinmu, wani ɗan Illela da muke kira Malam saboda shi ke ja mana salla, ya ce shi ba ya shiga inda ake dafa naman alade. Ɗan Malbaza ya ce masa a ƙasar Sin akwai Musulmi sama da miliyan 20, suna da masallatai tun ƙarnuka da gidajen abincinsu na halal. Malam ya ce ya ji, amma wannan gidan da za mu na Musulmin ne? Aka yi shiru. Daga ƙarshe ya ce zai raka mu, ya ga abin da idonsa.

Muka yi karo-karo, jikka biyar-biyar, muka tari taksi daga Harobanda, muka ƙetare gadar Kennedy bayan sallar magariba.

Wanda ke tsammanin irin gidan abincin da ake nunawa a fim, mai jan labule da zanen dodo, to ba haka wurin yake ba. Gida ne kamar kowane gida a wani lungu na Filato, da fitilu biyu na jar takarda da rana ta cinye launinsu. A ciki tebur bakwai ko takwas, an shimfiɗa musu leda, kujerun roba irin na gidan suna, fanka tana kaɗawa, talabijin a bango ana labarai da harshen da ba mu ji. Shinuwan da muka iske ba masu kwat ba ne. Ma'aikata ne da takalman aiki da ƙura a wando, suna magana da ƙarfi kamar masu faɗa, suna zuƙar taliya da ƙara, suna tara ƙashi a kan ledar tebur. Bazabarmen da ke cikinmu, ɗan Doso, ya dube su ya ce, ashe su ma suna da tasha. Gaskiya ya faɗa. In ka cire fuskokin, rumfar mai tuwo ce ta tashar Ƙonni da dare, kuma wannan ya sa kafaɗunmu suka sauka.

Mai kawo abinci ya zo da takarda mai hotuna, ya fara da Faransanci, sai ya ji muna gardama a tsakaninmu. Ya tsaya.

"Ku ƴan ina na?"

Na ce, "Ƙonni, yaya."

"Ƙonni wane gari?"

"Bazaga."

Ya yi dariya ya ce shi daga wajen Badagishiri yake, shekararsa huɗu a gidan. Daga nan takardar ba ta ƙara amfani ba. Malam ya yi masa tambayarsa kai tsaye, shi kuma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce akwai alade, shafinsa daban, kaskonsa daban. Ya ce kuma akwai wata giyar shinkafa da suke ɗan zubawa a wasu soye-soyen don kashe ƙarni, abin da ko ɗan Malbaza bai sani ba, amma mai soya mana Musulmi ne ɗan'uwanmu, kuma in an gaya masa ba ya sawa. "Ni kaina nan nika ci," in ji shi. Mu huɗu muka karɓi maganarsa, don in Musulmi ya ba ka shaida a kan abin da hannunsa ke yi, ba ka da hujjar ƙaryata shi. Malam ya ce bai ƙaryata kowa ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta da madafar ba. Ya nemi gyaɗa soyayya da shayi, kuma a kansu ya tsaya har muka tashi. Ba wanda ya matsa masa.

Abin da ya fara zuwa shinkafa ce fara, ba mai ba gishiri, a ƙananan kwanoni. Badamagare ya ce ko marar lafiya ba a yi wa haka a garinsu. Sai aka kawo faranti na biyu, kowa ya yi tsit. Tulin busasshiyar tonka ne, ja wur, an yayyanka an soya, ya kai tsayin tafin hannu. Wai kaza ce. Kazar tana ciki, an yanka ta ƙanana kamar kan yatsa, sai ka tona kamar mai neman gyaɗa a gonar da aka riga aka cire. Ɗan Badagishiri ya ce ba a cin tonkar, aikinta ta ba mai ƙamshi da zafi, naman ake tsinta. Wannan girki na birnin Chongqing ne, wanda har zuwa 1997 yana cikin lardin Sichuan, kuma ko a ƙasar Sin mutanen wannan yanki ne aka sani da cin yaji. Ba duk Shinuwa ke iyawa ba, kamar yadda ba duk Bahaushe ke iya tsiren da aka tsoma a yaji sau biyu ba.

Tsinken nan biyu da suke ci da su, ɗan Malbaza kaɗai ya iya. Mu aka ba mu cokali.

Loma ta farko zafi ne irin wanda muka sani, har Badamagare ya fara murmushin nasara. A ta uku ne abin ya canja. Leɓɓana suka fara rawa. Harshena ya yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, yana tsitsitsi, ga wani ƙamshi kamar ɓawon lemun tsami yana hawa hanci. Na kurɓi ruwa, sai ruwan ya zama wani abu daban, kamar an jiƙa ƙarfe a ciki. Badamagare ya ajiye cokali ya kama bakinsa da hannu biyu. Ya ce wallahi an sa mana wani abu, bakinsa ya mutu, a kira mai gidan. Ɗan Malbaza yana ta dariya har da hawaye, Malam kuwa yana tauna gyaɗarsa a hankali, da fuskar wanda ya riga ya faɗa.

Ni ban tsorata ba, saboda bakina ya taɓa yin wannan rawar, kuma na san inda. Ina ɗan shekara tara haƙori ya hana ni barci kwana biyu. Kakata ta kwance wani ƙullin tsumma daga cikin kwallarta, ta ɓallo ɗan ɓawon itace ta ce in danne shi a kan haƙorin in tauna. Kafin a jima gefen bakina ya mutu, miyau yana zuba, na yi barci. Fasaƙwari ke nan. (Kada a ruɗa shi da fasa-ƙwauri, wanda mu ƴan bakin iyaka muka fi ƙwarewa a kansa.) Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kayan yaji a kasuwar Ƙonni ya gan shi, a jere da kimba da masoro da citta da kanumfari, kuma duk wanda aka yi haihuwa a gidansu ya sha shi cikin yajin jego bai sani ba.

Na tona farantin na tsinto abin. Ƴan ƙwayoyi ne kamar na masoro, ja-ja, kowace ta tsage biyu. Na tauna guda ita kaɗai don in tabbatar. Shi ne, sai dai ya fi na Kaka ƙamshi.

Daga baya na bi sawun abin a ɗakin karatu, wajen littattafan ƴan sashen noma. Itacen da Shinuwa ke samun wannan ƙwaya da itacen fasaƙwari ƴan gida ɗaya ne, masana tsirrai na kiran zuriyar Zanthoxylum, kuma dangin lemu ne, abin da ya sa wancan ƙamshin. Namu itace ne mai ƙaya da ya fi son ƙasashen da ke kudu da mu, inda ruwa ya fi yawa, daga can fatake ke kawo shi. Mu ɓawo da saiwa muka fi amfani da su, su kuwa kwasfar ɗan itacen suke busarwa. Yarbawa ma na yin asuwaki da saiwarsa. Wato tsohuwa a Bazaga da tsohuwa a Chengdu, waɗanda ba su taɓa jin labarin juna ba, kowace ta tauna itace mai ƙaya ta gane yana da amfani.

Inda muka rabu da su shi ne suna. Su sun raba ɗanɗanon gida biyu. Zafin tonka suna ce masa "la", mutuwar bakin nan kuma "ma", in an haɗa su "mala", kuma a kan wannan kalma guda aka gina girkin lardi sukutum, ana sayar da shi daga Landan har wannan lungu na Filato. Masu bincike sun nuna ba hanya ɗaya abubuwan biyu ke bi ba. Sinadarin da ke cikin tonka yana taɓa jijiyar da ke gaya wa jiki ya ƙone, wadda ke farkawa in zafi ya kai wajen digiri 43, wato abin da mu ke kira rana ta yi kyau a watan Afrilu. Na fasaƙwari kuwa jijiyar taɓi yake tayarwa. A 2013 wasu masana a wata jami'ar Landan sun auna rawar da leɓe ke ji, suka iske ta kai wajen sau 50 a daƙiƙa guda, daidai da bugun wutar lantarkin da ke cikin wayoyin gidajenmu. Don haka Badamagare bai yi ƙarya ba da ya ce kamar ya lashi batir. Ruwa kuma ba ya kashe zafin tonka, don sinadarin a mai yake narkewa, shi ya sa nono ya fi. Wannan farar shinkafar da muka raina, ita ce ta cece mu.

Akwai wani abin da ya kashe gardamar ɗakinmu gaba ɗaya, ko da yake ba wanda ya ji daɗinsa. Tonkar da Badamagare ke alfahari da ita ba tamu ba ce, ba kuma ta Shinuwa ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, jiragen ruwan Turawan Fotugal da Sifen suka yaɗa ta bayan 1492. A ƙasar Sin, rubutun farko da ya ambace ta a ƙarshen ƙarni na 16 a matsayin furen ado ya ambace ta, kuma sai a ƙarni na 18 ta shiga tukwanen Sichuan. Kafin zuwanta, da me suke yaji? Da wannan ƙwaya da citta. Mu kuma da masoro da kimba da citta da fasaƙwari. Tonka baƙuwa ce a gidajen biyu. Su da baƙuwar ta zo sai suka aurar da ita ga ɗan gida. Mu kuwa muka ba ta ɗakin gaba, muka mai da ɗan gida cikin ƙullin tsumma, sai haƙori ya yi ciwo ko an yi haihuwa a tuna da shi.

Faranti na uku ya ƙara tsananta abin, don awara ce. Awara dai, ta waken suya, irin wadda ƴan mata ke soyawa a bakin ƙofar kwalej su barbaɗa mata yaji, ta dala biyar ta dala goma. Sai dai tasu ba a soya ta ba, tana da laushi kamar kindirmon da ya kama sosai, an yanka ta murabba'i tana iyo cikin jan mai da niƙaƙƙen naman shanu. Sunanta "mapo dofu", ma'anarsa awarar tsohuwa mai zanzana, don ana danganta ta da wata tsohuwa mai tabon agana da ke sayar da abinci a Chengdu a ƙarni na 19. Ka ji fa. Tsohuwa mai rumfa a bakin hanya, yau sunanta na cikin takardar abinci a duk duniya. Su sun fi shekara dubu suna yin awara, mu ba ta daɗe da shigo mana ba, don haka ban ce mu yi gasa da su a nan ba. Amma a ƙarƙashin zafin miyar akwai wani ɗanɗano mai nauyi, mai ɗan wari, wanda ɗan Doso ya riga kowa ganewa. Ya ce, daddawa. Ɗan Badagishiri ya ce kusan haka ne, wani wake ne ake ruɓarwa da tonka da gishiri a cikin randuna, wata da watanni, wani ma shekaru, kuma wanda ya fi daɗewa ya fi tsada.

Nan ne raina ya ɗan ɓaci, ba da Shinuwa ba. Na tuna ranar da wata ƴar ajinmu ta buɗe jakarta warin daddawar batso ya fito, aka yi ta dariya har ta fita daga aji. Na tuna yadda in baƙo ɗan birni zai zo gidanmu ake aika yaro kanti ya sayo dunƙulen magi, a ɓoye daddawar kalwa kamar abin kunya. Ga mu yanzu mun tara kuɗin takin iyayenmu muna biyan jikka shida don mu ci daddawar wasu, muna cewa kai, mutanen nan sun iya girki. Sun iya kam, ba na musu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne ba su ji kunyar warin nasu ba. Sun sa shi a kwalba, sun rubuta masa sunan garin da ake yinsa, sun bi ma'aikatansu da shi har bakin Kwara.

Wani zai ce ai mu ma muna da albasar Galmi da kilishi, waɗanda sunansu ya kai ko'ina. Haka ne, kuma ɗan Malbaza ba ya bari a manta Galmi a yankinsu take. To amma albasa a buhu take fita, ɗanya, a kan manyan motoci zuwa Abijan da Akara, kamar yadda riɗinmu ke fita a buhu zuwa ƙasar Sin. Wanda ya san abin da zai yi da ita a kasko shi ke cin ribar. Albasar da ke cikin farantinmu a daren nan ta Galmi ce, na gane ta da launinta, kuma na san nawa manomi ke samu a buhu in kaka ta yi kowa ya kawo tasa lokaci guda.

Kafin mu tashi na roƙi ɗan Badagishiri ya bar ni in leƙa madafar. Ya ce in tsaya daga bakin ƙofa. Wuta ce mai ruri kamar ta maƙera, da kasko mai zurfi, baƙi ƙirin. Mai riƙe da shi saurayi ne da bai fi mu shekaru ba, baƙi kamata, da hular roba a kai. Ya zuba mai, ya watsa tafarnuwa da citta, ya watsa nama, ya girgiza kaskon wuta ta kama ciki ta mutu, ya juye a faranti. Duka bai kai minti uku ba. Wani dattijo Bashine yana gefe yana yankan kabeji, ko dubansa bai yi ba, alamar ya daɗe da yarda da hannunsa. Aka ce mini da wanke-wanke ya fara, da ido ya koya, ba ya karatu ba ya rubutu, amma ya san sunan kowane abu a madafar da harshensu. Tonka da albasa da kaji da kabeji duk a kasuwannin Yamai ake sayensu. Ƙwayar nan da daddawarsu kaɗai ke zuwa daga gida, cikin akwatunan masu dawowa daga hutu.

Na tambaye shi ko ya san fasaƙwari. Ya ce wane fasaƙwari, na masu jego? Na ce shi. Ya ɗan yi shiru kaskon na hannunsa, sannan ya ce, "Kai, lalle kam." Shekara uku yana watsa abin a mai kullum, hancinsa na gaya masa ya san shi, ba wanda ya taɓa haɗa masa su biyun. Ya ce ran da ya samu zai gwada namu a gida ya gani. Aka kira shi, ya koma kan wuta.

Kuɗin ya kama jikka ashirin da biyu. Matar gidan, wata Bashina mai gilashi da ke zaune bayan kanta da na'urar lissafi, ta karɓa ta ce "fofo" da Zabarmanci, ta ce "sannu" da Hausa, ta ga kowa ya samu nasa. Da ɗan Badagishiri ya gaya mata abin da na ce game da itacenmu, ta ɗaga gira, ta ɗebo ƙwayar cikin cokali ta ƙulle mini a ƴar leda. Canjin da ya rage bai isa taksi ba, don haka da ƙafa muka ƙetare gada. Badamagare bai yi magana ba sai da muka kai tsakiya, inda ya ce shi har yanzu yajin innarsa ya fi zafi. Ba wanda ya musa masa, don gaskiya ne, ya fi zafi. Malam ya ce gyaɗar ma ba laifi, amma a Illela da kuɗin nan tiya nawa za a ba shi.

Ƴar ledar ta yi wata uku a cikin akwatina. Da aka yi vakansi na hau motar Ƙonni, kilomita ɗari huɗu da wani abu, na sauka na hau babur zuwa gida. Kwana biyu da isowata, bayan an gama gaishe-gaishe, na iske Kaka a zaune a inuwar rumbu tana tsintar wake. Na miƙa mata ledar na ce tsaraba ce daga Yamai, ban gaya mata ko mene ne ba.

Ta juya ƙwayoyin a tafin hannunta, ta shinshina, ta jefa guda a baki ta tauna da haƙoran gaba, don su suka rage. Na jira. Ta ɗan motsa leɓe.

"Wanga ai hwasaƙwari na, miji. Ɗiyan itacen na. Ina kas samo shi?"

Na ce na Shinuwa ne, a cikin abinci suke sa shi, da kaza, da awara.

"Matansu duka jego su kai?"

Na ce a'a, mazan ma suna ci, kullum.

Ta ce to Allah shi kyauta, ta ƙara tauna guda. Ta ce ya fi namu ƙamshi amma namu ya fi riƙe baki, wannan kafin ka ƙirga ɗari ya sake ka, ba zai yi wa mai ciwon haƙori aikin dare guda ba. Ta tambayi nawa ake sayar da tiya. Na ce kyauta aka ba ni, amma na gaya mata kuɗin farantin kazar. Ta dube ni, ta dubi kajin da ke kiwo a tsakar gida, ta sa na maimaita. Sannan ta kira ƙanwata ta ce ta kamo mata baƙar nan mai ɗingishi da ta daina ƙwai, ta kuma ɗauko turmi da ƙullin tsumman da ke cikin kwalla.